Na Raka Inna Asibiti a Masar, Na Ɓige da Bin Sawun Sunanta

A filin jirgin saman Alƙahira aka fara kama sunan Inna a gabana gatsal, babu sakayawa. Jami'in da ke duba fasfo ya leƙo ta saman tabaransa, ya dube ta a kan keken da nake turawa, ya sake duba hoton, sannan ya ce, "Maryam?" Na ji kamar an ɗora mini garwashi a kunne. Na haura arba'in da biyar, ban taɓa buɗe baki na faɗi wannan suna da nufin ita ba. Ko a aji, in akwai ɗaliba mai sunan, "mai sunan Inna" nake ce mata. 'Yata ta fari sunan ta ci, amma da Ummi kowa ya san ta. Inna ma ba ta kama nawa, don ni ne ɗan fari. "Kai wannan" nake, ranar da na yi abin kirki kuwa in zama "Malam". Yanzu ɗin ma da kuke karantawa, ku shaida hannu ne ya rubuta, ba baki ne ya faɗa ba.

Gwiwa ce ta kai mu. Ta shekara uku sallarta a zaune, an sha magani har an gaji, ƙarshe likitoci suka ce sai an yi aiki. Ɗan ƙanwata da ke karatu a Azhar shi ya nema mana asibiti, ya kama mana ɗaki a Hayyul Ashir, can cikin Madinat Nasr, unguwar da in ka tsaya a bakin titi minti biyar za ka ji Hausa, ka ji Somaliyanci, ka ji Larabcin Sudan. Inna ta taho da kuka da daddawa da yaji da man shanu a gora, kamar wadda za ta yi hijira. Jikan nata na buɗe jakar ya toshe hanci ya ce, "Haba Mairo, ƙasar Fir'auna ma sai kin kawo mata daddawa?" Ta kai masa duka da mafici ta ce, "Ja'iri, da ita aka raini uwarka." Shi jika ne, bakinsa a sake yake. Ni sai na tashi na fita baranda.

Kwana biyu bayan aikin aka haɗa mu da nas ɗin da za ta riƙa kula da ita. Doguwa ce, mai saurin dariya, kanta ba ɗankwali. Da ta miƙo hannu za ta gyara ƙarin ruwa sai na hangi ɗan ƙaramin gicciye da aka zana mata da shuɗin tawada a cikin wuyan hannunta na dama, alamar da Ƙibɗawa, Kiristocin Masar, suke yi tun suna yara. Ta duba katin da ke jikin gado, ta dafe ƙirji, ta nuna sunan da ke maƙale a rigarta. Iri ɗaya ne. Daga ranar Inna ba ta sake kiranta da komai ba sai "takwara", ita kuma tana amsawa ba tare da ta san ma'anar kalmar ba.

Ita ce ta jefa ni cikin wannan bincike. Wani dare, Inna ta samu barci, ta tambaye ni me sunan yake nufi a wurinmu. Na gyara zama irin na malamai na ce mata Zamakhshari ya faɗa a tafsirinsa cewa a harshen mutanen gidan Imrana yana nufin mai bauta. Ta ce su kuwa a coci an koya musu "uwargijiya" ne, daga mar, kalmar Suryananci mai nufin shugaba ko ubangida, wadda ke gaban sunayen waliyyansu irin su Mar Girgis. Muka dubi juna. Kowa da abin da aka gaya masa.

Abin da ya dame ni shi ne, na shekara ashirin ina koyar da nahawu. Duk shekara sai na rubuta wa ɗalibai a allo cewa wannan suna mamnu'un minas sarfi ne, ba ya karɓar tanwini, ba ya karɓar kasra, shi ya sa muke karanta Isabnu Maryama, ba Maryami ba. Kuma ɗaya daga dalilan shi ne ajami ne, wato ba ɗan gida ba ne a Larabci. Ashe malaman nahawu sun daɗe da shaida cewa baƙo ne. Ni dai na karɓi baƙon na shimfiɗa masa tabarma shekara da shekaru, ban taɓa tambayarsa daga wane gari ya taso ba.

Da na yi wa ɗan ƙanwata wannan ƙorafi sai ya ce, "Kawu, ai ga wanda zai warware maka." Abokinsa ne, Bamasare, ɗalibi a sashen Ibrananci na tsangayar harsuna da fassara ta Azhar. Muka haɗu bayan isha'i a wata ahwa, wato wurin shan shayin da ake jera kujeru har kan titi, ga hayaƙin shisha, ga ƙarar 'yan ludo da ake bugawa a kan tebur kamar ana faɗa. Ya jawo takardar goge baki ya zana haruffa huɗu daga dama zuwa hagu: mem, resh, yod, mem. Ta ƙarshen a rufe take kamar akwati, don haka ake rubuta ta in ta zo a ƙarshen kalma. A ƙarƙashinsu ya rubuta mimun, ra'un, ya'un, mimun na Larabci. Kowane harafi ya hau kan ɗan'uwansa daidai, babu ragi babu ƙari.

Ya ce mace ta farko da aka rubuta da wannan suna ba mahaifiyar Annabi Isa ba ce, yayar Annabi Musa ce da Annabi Haruna. Na san ta mana, amma ba da suna ba. Ita ce wadda a Suratul Ƙasas uwarsu ta ce mata "ƙussihi", bi sawunsa, ta riƙa hangen akwatin daga nesa. Alƙur'ani bai ambaci sunanta ba. Littafin Fitowa na Attaura ne ya kira ta Miryam a babi na 15, inda ta ɗauki ganga mai kacau-kacau, mata suka bi ta suna waƙa bayan an haye teku. Littafin Ƙidaya kuma ya ce a Kadesh ta rasu, a can aka binne ta.

"To ma'anar fa?" na ce. Ya yi dariya, ya ce nan ne jakin kowa yake tsayawa. A Ibrananci mar ɗaci ne, ɗan'uwan murr na Larabci. Yam kuma teku, shi ne yamm ɗin da aka ce wa uwar Musa ta jefa akwatin a cikinsa. Malaman Yahudawa na dā sun ce an sa mata sunan ne saboda ɗacin bautar da aka haife ta a ciki, kuma abin mamaki, aya biyu bayan waƙarta jama'ar suka isa wani wuri da ake kira Mara, inda ruwan ya ƙi shayuwa don ɗaci. Wasu suka ce a'a, daga meri ne, wato tawaye, don ta taɓa yi wa Musa tsaurin ido a babi na 12 na Littafin Ƙidaya. Ya kurɓi shayinsa ya ce shi a ganinsa duk wannan ɗinki ne da aka yi bayan an riga an sa riga. Nan take na tuna masu cewa kalmar Hausa daga "hau sa" ta fito, don wai Bayajida ya zo a kan dabbar da mutanen Daura ba su sani ba. Labari ne mai daɗi, amma ko yaro ya san an ƙera shi ne don ya dace da kalmar.

Sannan ya ce in ina son in ga inda masana da yawa suka fi karkata, in je gidan tarihi na dandalin Tahrir.

Na je ranar da likita ya ce a bar Inna ta huta. Jan gini ne da aka buɗe a 1902, cike da duwatsu har ba ka san inda za ka sa ido ba. Na ɗauki ɗan jagora, wani dattijo mai sanda, na ce masa ni kalma ɗaya na zo nema. Ya ja ni gindin wani mutum-mutumi, ya ɗora yatsa kusa da rubutun da ke gefensa. Na sunkuya na duba, sai ga fartanya. Fartanya sosai, da ƙotarta da ruwanta da igiyar da ta ɗaure su, ƙarama kamar ɗan yatsa, a bayanta ganyen kara biyu a tsaye. Ya ce wannan alama mer ake karanta ta, da ganyayen biyu ta zama meri, ma'anarta abin ƙauna. Sarki kaza, abin ƙaunar gunki kaza. Haka suke rubutawa a ko'ina. Ramsis na biyu laƙabinsa Meri-Amun. Akwai sarauniya Meritamun, tana cikin gawarwakin sarakuna 22 da aka kwashe daga wannan gini a 2021 aka kai sabon gidan tarihi na Fusɗaɗ, a Tsohuwar Alƙahira, da kiɗa da fareti. Ɗan Ramsis da ya gaje shi sunansa Merneptah, kuma a jikin wani baƙin dutse nasa da ya fi mita uku tsawo, na wajen shekara ta 1208 kafin haihuwar Annabi Isa, aka sami ambaton Isra'ila mafi daɗewa da aka sani. Dattijon ya kai ni ya nuna mini wurin, can ƙasa-ƙasa, sai da na durƙusa.

Hujjar masu wannan ra'ayi ba daga kamannin sauti kaɗai take ba. Gidan su Musa cike yake da sunayen Masar. Shi kansa Musa, masana da yawa suna danganta sunansa da mes, wato haifaffe, wanda ke cikin Ramsis da Tutmos. Jikan Haruna, Finehas, sunansa na Masar ne tsantsa, ma'anarsa mutumin Nuba. Dangin da suka yi ƙarnuka a ƙasa, ba abin mamaki ba ne su sa wa 'yarsu sunan da suke ji a bakin maƙwabta. Mu ma nan Hausawan Kumasi da na Khartum ai mun san yadda abin yake.

Da yamma na koma na ba Inna labari, ina kewaye-kewaye don kada in kama sunan. Ta ce, "A'uzu billahi! Sunan da ke cikin Alƙur'ani, sura guda sukutum, shi za ka kai gidan Fir'auna?" Jikan ya ce, "To shi Annabi Musa a gidan wa aka raine shi?" Ta yi shiru tana jan carbi. Can ta ce, "Kuma fa Nana Asiya ma matar Fir'auna ce." Da na gaya mata ma'anar ita ce abin ƙauna, sai ta taɓe baki ta ce dama wa zai haifi ɗa ya sa masa ɗaci.

Tsohuwar Alƙahira kuwa a metro na je, layin da ya tashi daga Marg zuwa Helwan, na sauka a tashar Mar Girgis. Kana fitowa ga ganuwar Rumawa a gabanka. A kan ƙofar wannan ganuwa aka ɗora cocin da suke kira Mu'allaƙa, wato ratayayya, wadda aka gina da sunan mahaifiyar Annabi Isa. Matakala 29 ake hawa. Ciki duhu-duhu, ƙamshin lubban ya kama katako, rufin kamar an kifa jirgin ruwa. Na ga mata suna shafa hotunan da ke bango suna sumbatar yatsunsu, har da masu hijabi a cikin 'yan kallo. Da Larabci el-Adra suke ce mata, budurwa, ko Ummun Nur. Amma a wani lungu wani saurayi yana biya wa yara waƙa da harshen Ƙibɗanci, yana buga ƙananan faranti biyu na tagulla, sai na ji suna maimaita "Shere ne Mariya". Na matsa na tambaye shi, ya ce gaisuwa ce gare ki Mariya. Ya nuna mini a littafi: haruffan Girkanci ne, da 'yan ƙari shida ko bakwai da suka gada daga tsohon rubutun Masar.

A nan na tsaya cak. Mariya. A unguwarmu akwai gidan da ya da ƙanwa, ɗaya Maryam ɗaya Mariya, kuma babu wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa suna ɗaya aka raba musu. Mariyarmu ai ta Mariyatul Ƙibɗiyya ce, wadda Muƙauƙis mai mulkin Masar ya aika Madina tare da 'yar'uwarta Sirin, ta haifa wa Manzon Allah (SAW) ɗansa Ibrahim. Daga wani ƙauye take mai suna Hafn, a yankin Minya na yanzu. Ta tafi Madina da sunan yadda Kiristocin Masar suke faɗinsa, alhali Alƙur'ani ya riga ya zo da shi da mimunsa. Hanya biyu sunan ya biyo, duka biyun kuma suka sauka a ƙasar Hausa.

Yadda mimun ɗin ya faɗi kuwa, wannan abincin malamin nahawu ne. Kalmar Girkanci ba ta ƙarewa da mimun. In ba wasali ba, to sai n ko r ko s. Don haka a rubuce-rubucen Linjila na Girkanci za ka ga wani wuri an bar baƙon yadda ya zo, Mariam, wani wuri an yi masa aski ya koma Maria. Marubucin tarihin nan Bayahude, Yusifus, shi ƙari ya yi masa, ya rubuta Mariamme. Da sunan ya shiga Latinanci sai abin ya ƙara tabbata, domin a can mimun a ƙarshen sunan mace alamar maf'uli ce, kamar fatahar nasabi a wurinmu. Duk Barume da ya ga Mariam zai ɗauka Maria ce aikin ya faɗa a kanta. Daga wannan Maria ɗin Faransawa suka sami Marie, Ingilishi suka sami Mary, Rashawa suka mayar da ita Masha in suna lallashi.

Ta wani siririn lungu mai gangara, bayan cocin Abu Serga, akwai majami'ar Yahudawa ta Ben Ezra. Babu masu ibada a cikinta yanzu, sai 'yan kallo da mai gadi. Mutanen wurin suna cewa a bayanta aka tsinci akwatin Musa, lokacin da Nilu yake kawowa nan. In haka ne, to a wannan wuri yarinyar ta laɓe tana leƙe. A wani ɗaki na saman ginin Yahudawan Fusɗaɗ suka yi ƙarnuka suna zuba duk takardar da ta tsufa, don ba sa yar da abin da aka rubuta sunan Allah a kai, kamar yadda mu ma ba ma barin warƙar Alƙur'ani a ƙasa. Tsakanin 1896 da 1897 wani malami mai suna Solomon Schechter ya kwashi guntaye sama da 190,000 ya kai Kambirij. Na leƙa, na fito, la'asar ta kawo jiki.

A masallacin Amru ɗan Asi na yi sallah, tafiyar 'yan mintoci daga nan. Ina zaune a inuwar ginshiƙai sai hadisin Mugira ɗan Shu'uba da ke cikin Sahihu Muslim ya faɗo mini. Da ya je Najran, Kiristocin can suka ce masa, kuna karanta "ya ukhta Haruna", alhali tsakanin Musa da Isa akwai zamani mai tsawo. Ya dawo ya tambayi Annabi (SAW), sai ya ce masa sun kasance suna sa sunayen annabawansu da salihan da suka gabace su. Na sha karantar da wannan hadisi, amma ranar ce na ji shi a jikina. Wata masaniya 'yar Isra'ila, Tal Ilan, ta tattara sunayen Yahudawan Falasɗinu na ƙarnukan da ke kewaye da zamanin Annabi Isa, daga littattafai da takardu da akwatunan ƙasusuwa, ta gano kusan kowace mace ɗaya cikin huɗu wannan suna take amsawa. Matar sarki Hirudus ma sunanta ke nan. Ya kashe ta a shekara ta 29 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma ɗaya daga hasumiyoyin da ya gina a Ƙudus sunanta ta ci. Ashe Ƙudus ta wancan zamani kamar Kano ce: ka tsaya a ƙofar gida ka ƙwala kiran sunan, mata uku su leƙo.

Saura abu ɗaya da ya tsaya mini a rai. In Ibrananci ne tushen da aka fara rubuta shi, me ya sa Yahudawa suke cewa Miryam da kasra, mu da Larabawa da Habashawa muke cewa da fataha? Wa ya karkace? Ɗalibin nan ya ce amsar tana Iskandariya, kuma ko ba komai in je in sha iskar teku, don na fara kama da majinyaci.

Daga tashar Ramsis jirgin ƙasa ya ɗauke mu, kusan awa uku cikin gonaki kore shar, da bauna a bakin magudanai. Muka wuce kai tsaye zuwa ganuwar Ƙaitbay, wadda aka fara ginawa a 1477 a kan gurbin tsohuwar hasumiyar fitila ta tsibirin Faros. Iska tana neman tuge mini hula, yara suna tsalle daga kan duwatsu suna faɗawa ruwa, mai gasa masara yana fifita garwashi. Ya ce a wannan tsibiri, bisa labarin da aka gada, sarki Batlamus na biyu ya tara dattawan Yahudawa 72 suka fassara Attaura zuwa Girkanci, a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa. Ko adadin gaskiya ne ko ado ne, fassarar dai tana nan. Muhimmancinta a maganarmu shi ne, Ibrananci a lokacin baƙaƙe zalla ake rubutawa, kamar allon da ba a yi wa wasali ba, Girkanci kuwa dole ka rubuta wasali. Da suka zo kan yayar Musa, sai suka rubuta Mariam. Abin da kunnensu ya ji ke nan.

Ɗige-ɗigen wasalin Ibrananci sai bayan fiye da shekara dubu aka kammala su, a hannun malaman garin Ɗabariyya, kuma kafin lokacin fatahar farkon kalmomi da dama ta sirance ta koma kasra. Ba wannan suna kaɗai abin ya shafa ba: wanda tsohuwar fassarar ta kira Samson ya zama Shimshon, Balaam ya zama Bil'am, garin Magdala kuma ga shi a Ibrananci Migdal. Suryananci ya riƙe fatahar, Larabci ya riƙe, Habashanci ya riƙe. Wato yadda jami'in fasfo ya kira Inna ya fi kusa da tsohon lafazi a kan yadda ake faɗinsa yau a Tel Abib. Na ji wani irin daɗi na banza, kamar ni na yi wannan aikin.

Muna kallon ruwan ya ƙara mini wani. Jerom, malamin da ya zauna a Baitalami ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latinanci, ya rubuta littafi kan ma'anonin sunayen Ibrananci wajen shekara ta 390. A nan aka fassara sunan da stilla maris, ɗigon teku, don mar ɗin yana iya nufin ɗigo ma. Masu kwafa da hannu suka mayar da i ta koma e, stilla ta zama stella, ɗigo ya zama tauraro. Tauraruwar Teku. Sunan ya yi wa mutane daɗi har ya zama kirarinta a wurin Katolika, masunta da matuƙan jirgi suka riƙe shi, kuma duk makarantar mishan da ka gani a Najeriya mai suna Stella Maris, daga wannan tuntuɓen alƙalami ta samo shi. Na tuna yadda malaminmu na allo yake zane mu a kan ɗigo ɗaya. Ashe yana da hujja.

Satinmu na ƙarshe Inna ta fara takawa da sandar ƙarfe, ana yi mata gashin ƙashi safe da yamma. A ƙasan benenmu akwai shagon wasu Habashawa masu gahawa, nakan zauna a can. Su a wurinsu maza ma suna ɗauke da sunan, a haɗe da wata kalma: Haile Mariam, ƙarfin Maryam, Gabre Mariam, bawan Maryam. Mengistu da ya mulke su da tsohon firaministansu Hailemariam Desalegn duk ga shi nan a sunayensu. Na kuma karanta cewa mutanen Ailan sun ware lafazi guda, Muire, ba a kiran kowa da shi sai ita uwar Annabi Isa, sauran mata kuwa Máire. A Sifen kuma sai a sa wa yarinya María de los Dolores ko María del Pilar, a yi ta kiranta Dolores ko Pilar, ainihin sunan yana lulluɓe. Na ce ashe ba mu kaɗai muke da alkunya ba.

Namu gyaran kuwa kishiyar na Girkawa ne. Su sun yanke wutsiya, mu muka ƙara. Bakin Bahaushe ya fi sakewa in kalma ta ƙare da wasali, kuma kakanninmu daga bakin malamai masu karatu da i'irabi suka ɗauki sunaye, shi ya sa muke da Umaru da Aliyu da A'ishatu. "Ya Maryamu" na Suratu Ali Imrana ya ba mu Maryamu, wanda Hausawa Kiristoci suke karantawa a Littafi Mai Tsarki. Maryama kuwa, da ta cika Damagaram da Maraɗi har Senegal, ni ina jin amon "ibnu Maryama" a cikinta, wanda kowane almajiri ya maimaita ba adadi. Sau 34 sunan ya zo a Alƙur'ani, kuma ita kaɗai ce macen da aka ambata da sunanta. Daga nan harshe ya juya ra'un da ya'un suka yi musayar wuri, aka sami Mairamu, aka gutsure aka sami Mairo. 'Yar Shehu Usmanu ma da ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo sunanta ke nan, amma da Uwar Daje aka fi saninta.

Ana jibi za mu taso Inna ta ce ita fa ba za ta bar Masar ba ta ga komai ba sai silin asibiti. Muka ɗauki tasi zuwa Maɗariyya, inda bishiyar da ake cewa uwar Annabi Isa ta huta a ƙarƙashinta take. Unguwa ce mai cunkoso, 'yan adaidaita sahu kamar ƙudaje. Bishiyar tana cikin wani shinge: tsohon kututture a kwance an tallafe shi, wanda aka dasa a 1672 ya faɗi a 1906, da wata mai rai da ta tsiro daga jikinsa. Inna ta dogara sandarta ta ɗaga kai ta dubi ganyen, ta dubi 'ya'yan da ke manne a jikin reshe, ta ce, "Kai wannan, ashe ɓaure ne." Ɓaure ne kuwa, irin na bakin rafin garinsu. Na tambaye ta, ta bakin jikan, wa ta ci suna. Ta ce gwaggon babanta, wadda ake kira Mairamu mai koko, ita ma kuma wata ta ci.

Da muka je sallama, Inna ta ba takwararta turmin atamfa da kwalbar turaren wuta. Nas ɗin ta rungume ta, ta juyo ta tambaye ni yadda muke kiranta a gida in ana wasa. Na dubi ɗan ƙanwata. Ya ce, "Mairo." Ta gwada, ya fito mata "Mayru", Inna ta yi dariya har da riƙe gwiwa. Ta ce ita kuwa a gidansu Maryuma ake ce mata.

Inna ta riƙe wannan. Muna shiga gida a Kano, Ummi ta rugo za ta faɗa jikinta, ta tare ta da sanda saboda gwiwar, ta ce, "A hankali, Maryuma." Kafin sati ya zagayo duk yaran gidan sun ɗauka, har uwarta. Ni dai Ummi nake cewa.